Fashin baƙi kan ɗaurin babbar ganga: daga ina ƙuginta yake fitowa?

A filin fareti a Katsina, ko ranar 1 ga Oktoba ko ranar yara ta 27 ga Mayu, tun kafin a hango 'yan badujala ko a ji begila, abin da yake fara isa kunne daga nesa shi ne dukan babbar ganga, kuma da shi masu maci suke daidaita ƙafa. Ita ce kuma gangar nan da take kwance a gaban mai kaɗa jerin gangunan zamani, wadda yake bugawa da feda a wuraren biki da coci-coci da situdiyo. Sai dai a cikin waɗanda ake ji a gari, kaɗan ne suke ba da muryar da aka ƙera su dominta. Wata an ɗaure ta tamau har muryarta ta sirance, wata an cusa mata filo da tsummoki har ta shaƙe, wata kuma tana jan wani amo mai rawa marar daɗin ji. Masu ita sukan ɗora laifin a kan arharta ko tsufanta, alhali a mafi yawan lokuta ciwon yana ga ɗauri ne.

Kyakkyawan amon babbar ganga yana fitowa daga abubuwa biyu, wato fata ta sami ja iri ɗaya a duk kewayenta, sannan a tsayar da ɗaurin da wuri tun tana da sauran sassauci. Na biyun ne ya fi yi wa makaɗanmu wuya, kuma dalilin a fili yake. Kunnen da ya tashi a ƙasar Katsina da Daura ya saba da kalangu da kotso da jauje, gangunan da makaɗi yake matse musu tsirkiya a hammata domin murya ta haura, zaƙinsu kuwa yana cikin tsaurin fata. Wanda ya saba da wannan, idan ya ɗora hannu a fatar babbar ganga ya ji ta da laushi, sai ya ɗauka ba ta ɗauru ba, ya ƙara murɗawa. Idan ana neman mata dangi a cikin gangunanmu na gado, tambarin gidan sarki ne ya fi kusa da ita, domin shi ma abin da ake so daga gare shi ƙugi ne mai nauyi wanda zai ratsa gari.

Gangar da ake bugawa da feda tana da kango na siraran fallayen katako da aka manne aka lanƙwasa. Faɗinsa yakan zama inci 18 ko 20 ko 22 ko 24, amma mai inci 22 ta fi yawa a hannun mutane, zurfinsa kuma yakan kai inci 14 zuwa 18. Fata biyu gare ta, ta baya wadda gula take duka, da ta gaba wadda take fuskantar jama'a. Kowace fata tana da zoben katako da yake danne ta a bakin kango, ana kuma jan zoben da noti takwas ko goma masu dogon zare, waɗanda ake murɗawa da ɗan makulli. Fedar da ta ba mutum ɗaya damar haɗa wannan ganga da sauran, William F. Ludwig ne ya fito da irinta da ta karɓu a Amurka a 1909. A can ma fatar maraƙi ake ɗaurawa har zuwa lokacin da Chick Evans a 1956 da Remo Belli a 1957 suka kawo fatar roba ta Mylar, wadda kaurin falle ɗaya nata yakan kai kimanin kwatan milimita, kuma ita ce a kan kusan kowace ganga ta zamani a yau.

Domin a gane dalilin sassauci, sai an san abin da yake faruwa a lokacin duka. Idan gula ta doki fata, fatar takan shiga ciki ta dawo waje sau da yawa a cikin sakan ɗaya, kuma yawan wannan kai-komo ne yake yanke ko murya za ta yi kauri ko ta sirance. Ana ƙidaya shi da ma'aunin Hertz. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kimanin 20 zuwa 20,000, ita kuwa babbar ganga mai inci 22 da aka ɗaure da kyau asalin muryarta yakan faɗa tsakanin 50 da 80, kusa da ƙasan abin da kunne yake iya kamawa, shi ya sa ake jin ta a ƙirji kamar yadda ake jin ta a kunne. Abubuwa uku ne suke juya wannan lamba, wato faɗin fata da nauyinta da ƙarfin jan da aka yi mata. Biyun farko an gama da su tun ranar saye, na ukun ne kaɗai ya rage a hannun makaɗi, kuma yana da ƙa'ida: kafin kai-komon ya ninka sau biyu, sai ƙarfin jan ya ninka sau huɗu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a lokacin da fata take da sassauci kwatan murɗi kaɗai yana sauya murya sosai, amma idan ta riga ta yi tsauri, ƙarin murɗi ba ya sauya murya sai kaɗan, yana kuma hana ta lilo. Fatar da ba ta lilo ba ta tura iska mai yawa, ƙugi kuwa iska ce da aka tura.

Maganar daidaito ita ma tana da tushe a nan. Fatar ganga ba motsi ɗaya take yi ba. Ban da babban motsin da dukkanta take shiga da fita tare, akwai wani inda rabinta yake shiga a daidai lokacin da rabin yake fita, da wani inda ta kasu huɗu, da wani inda tsakiya take saɓa wa gefe. Masana kimiyyar sauti sun lissafa cewa a fata zalla waɗannan muryoyi suna hawa ne da ninkin 1.59 da 2.14 da 2.30 na asalin murya, ba kamar tsirkiyar garaya ko goge ba wadda nata suke hawa da ninki 2 da 3 da 4 su jitu da juna. To idan wani gefen fata ya fi wani tsauri, motsin nan na rabi da rabi sai ya rabu gida biyu, ya ba da muryoyi biyu masu kusa da juna ƙwarai amma ba ɗaya ba, su yi ta gogayya. Wannan gogayya ita ce rawar amon da ake ji bayan duka, wadda mutane suke ƙoƙarin binnewa da filo maimakon su gyara ta daga tushe.

Aiki yana farawa da kwance fatun biyu gaba ɗaya a duba kango. Bakinsa, inda fata take kwanciya, an fere shi ne ya yi ɗan kaifi, sau da yawa a kusurwar digiri 45, kuma dole ya kasance sumul ba tsagi ba tudu. A garinmu ƙurar hunturu takan shige tsakanin fata da baki ta daskare, saboda haka a goge shi da busasshen tsumma, a ɗan goga masa kakin kyandir domin fata ta riƙa zamewa a kansa ba tare da ta kama ba. Gangunan da suke zuwa mana da yawa na hannu ne, sun sha jijjiga a bayan mota daga Legas ko Kano, don haka yana da kyau a kifa kangon a kan tebur mai shimfiɗa daidai, a sa tocila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙarƙashi akwai giɓi, kuma babu ɗaurin da zai rufe giɓin sai kafinta mai hannu ya daidaita bakin. A wanke zaren kowane noti da kananzir a ɗiga masa ɗan mai, domin notin da ya yi tsatsa yana yaudarar hannu, ya yi tauri wajen murɗawa alhali bai ja fata ba. Fatar da gula ta riga ta yi wa rami a tsakiya kuwa ta gama aikinta, a nemi wata.

Daga nan a kwantar da gangar a kan kafet, bakin baya yana kallon sama, a ɗora fata da zobe, a murɗa kowane noti da yatsu kawai har ya tsaya. Idan fatar sabuwa ce, a danna tsakiyarta da tafin hannu da ɗan ƙarfi domin ta zauna a bakin kango. Ƙarar da za a ji kamar wani abu yana tsagewa ta gam ɗin da yake riƙe fatar ce, ba ɓarna ba ce. A sake bin notin da yatsu, sannan a ɗauki makulli. Ba a bin su a jere, ana murɗa ɗaya rabin zagaye ne a tsallaka zuwa wanda yake fuskantarsa, kamar yadda bakanike yake ɗaure notin taya, domin kada zobe ya karkata. A riƙa danna tsakiyar fatar a hankali da hannu ɗaya ana kallon gefe, inda za a ga ta tattare a kusa da duk notin da bai ja ba. Da zarar tattarewar ta ɓace a duk kewaye, to an iso ƙofar muryar gangar mafi kauri. Kwatan murɗi ko rabi a kan haka ya wadatar ga yawancin kiɗa, kuma a daidai wannan wuri ne makaɗa da yawa suke zarcewa.

Sauran aikin na kunne ne, kuma yana son haƙuri da wuri marar hayaniya, kamar bayan asuba kafin masu janareta su tayar. A ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar fata ba tare da dannawa ba, domin ya kwantar da babban motsi, sannan a riƙa ƙwanƙwasa fatar da yatsa ko kan makulli kimanin inci biyu daga kowane noti, ana kwatanta muryoyin. Wanda ya yi ƙasa a ɗaga shi kaɗan. Wanda ya yi sama a sassauta shi ya wuce inda ake so, sannan a dawo da shi ta hanyar ɗaurewa, domin fatar da aka saki takan maƙale a bakin kango ta saki kanta daga baya a tsakiyar kiɗa. A tuna cewa duk notin da aka taɓa yana sauya muryar abokinsa na ɗaya gefen, don haka sai an zagaya sau biyu ko uku. Ƙidayar murɗi kaɗai ba ta isa ba, tun da zobba ba sa cika miƙewa daidai. Akwai na'urori irin su DrumDial mai auna tsaurin fata da Tune-bot mai auna murya, suna kuma taimakon mai koyo, amma a ganina wanda ya dogara da su tun farko yana hana kunnensa girma.

Fatar gaba, wadda wasu suke ɗauka allon rubuta sunan ƙungiya ce kawai, ita take riƙe da rabin muryar gangar. Idan gula ta tura fatar baya, iskar da take cikin kango takan tura ta gaba, ita kuma ta mayar da martani, su yi ta miƙa wa juna motsi har ya mutu. Ana ɗaure ta ta hanyar da aka bi da ta baya, abin da ya rage shi ne yadda za a jera su. Idan muryarsu ta zo ɗaya, amo yakan yi tsawo ya cika wuri. Idan ta gaba ta ɗara ta baya kaɗan, duka yakan fito a dunƙule ya isa nesa, kuma wannan ne na fi ba da shawara ga mai kiɗan biki da yake gogayya da fiyano da jita da lasifika. Idan kuwa ta gaba ta yi ƙasa da ta baya, murya takan yi kauri ta zube ƙasa a ƙarshenta, abin da yake da daɗi a kusa amma yakan ɓace a fili. Masu cire fatar gaba ɗungurungum suna samun duka gajere busasshe, sun kuma jefar da ƙugi, ga shi bakin kangon ya zauna a buɗe yana cin karo.

Sai maganar cusa kaya a ciki, wadda ita ce babbar cutar gangunanmu. Gaskiya ne babbar ganga tana buƙatar a ɗan rage mata jan amo, musamman a kiɗa mai sauri inda duka yake bin duka. Amma abin da ake son ragewa ƙananan muryoyin nan ne masu sirantaka, su kuwa a gefen fata suka fi ƙarfi, saboda haka a gefe ya kamata a taɓa. Filo biyu da yankin katifa da aka danna a cikin kango suna cinye iskar da fatun suke magana ta cikinta, su danne babban motsin da shi ne dalilin sayen gangar. Daga nan makaɗi ya ji ba a jin sa, ya ƙara ƙarfin ƙafa har fata ta fashe, ko ya matsa wa mai mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ya ɗaga masa murya har lasifika ta fara kuka. Tsarin da ya dace shi ne a gama ɗauri kango yana wayam, a saurara, sannan a naɗe ƙaramin tawul a kwantar da shi a ƙasa yana ɗan jingina da fatar baya, a sake saurara. Idan ta gaba ce take jan amo, a matsar da shi ya taɓa ta. Makaɗan zamanin da sukan ratsa siririn ƙyalle mai kauri a bayan fata daga sama zuwa ƙasa, a ɗan gefe da tsakiya, zobe ya danne bakunansa, kuma dabarar tana aiki har gobe. Wasu fatun ma, irin su Remo Powerstroke 3 da Evans EMAD, da nasu zoben rage amo suke zuwa, wanda ya same su sau da yawa ba ya buƙatar ƙarin komai.

Ramin da ake hudawa a fatar gaba yana barin iska ta fita da sauri, ya gajarta amo, ya sa gula ta daina dawowa da ƙarfi, ya kuma ba makirufo hanyar shiga. Faɗin inci 4 zuwa 5 ya isa, a kuma yi shi a gefe wajen ƙasa. Babban rami a tsakiya kusan ɗaya yake da cire fatar. An fi samun baki mai santsi idan aka gasa bakin gwangwani a wuta aka ɗora a kan fatar da aka kife a kan katako, domin yankan reza yakan bar tsagi wanda zai ci gaba da tafiya.

Ta ɓangaren feda, a saita tsawon sandar gula ta yadda za ta sauka a tsakiyar fata ko kusa da ita. Gula mai kan ulu da aka danne tana ba da duka mai laushi, ta katako ko ta roba tana ba da mai kaifi amma tana cin fata, don haka a manna faci a wurin da take sauka. A miƙe ƙafafun gangar na gaba su ɗaga ta daga ƙasa kimanin inci ɗaya. Makaɗin da yake barin gula manne da fata bayan duka shi ma ya sani cewa da ƙafarsa yake kashe amon, mai son ƙugi sai ya bar ta ta dawo.

Wurin da za a yi kiɗa yana da ta cewa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka igiyar sauti ɗaya ta murya mai Hertz 60 ta kusa mita 6 a tsawo, daidai da faɗin ɗakuna da yawa. A zauren biki mai bangon siminti da daɓen tayil, igiyar takan doki bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa, sai ƙugi ya taru a wani wuri ya ɓace a wani, ya kuma fi taruwa a kusurwa. Shi makaɗi yana zaune ne a bayan gangar, dukan gula ya fi ji, jama'a kuwa fatar gaba suke ji. Don haka kafin a yanke hukunci, a sa wani ya hau feda, mai gangar ya ja da baya taku goma ya saurara daga inda mutane za su zauna. Idan za a sa makirufo, kusantar da shi ga fatar baya yana ƙara kaifin duka, ajiye shi a bakin rami yana ƙara jiki. Masu mikisa sukan ɗan rage wajen Hertz 300 zuwa 400 inda dagulewa take, su ɗan ɗaga wajen 3,000 zuwa 5,000 inda kaifin yake, wannan kaifi kuwa shi ne kusan duk abin da zai rage ga mai sauraro a lasifikar wayar salula, wadda ba ta iya fitar da ƙugi.

Gangar fareti da ake ratayawa a ƙirji hukuncinta ya ɗan bambanta. Tun da ana dukan ta ta gefe biyu, dole fatun su zo da murya ɗaya, idan ba haka ba hannun dama da na hagu za su riƙa saɓawa, a ji maci yana ɗingishi. Ana kuma ɗaure ta fiye da ta feda, domin a fili babu bangon da zai dawo da amo, kuma a maci mai sauri na kimanin taku 120 a minti rabin sakan ne kawai tsakanin duka da duka, dole amon farko ya kwanta kafin na biyu ya zo. Ɗan soso da aka manna a cikin kango yana taɓa gefen kowace fata yakan wadatar. Tsofaffin da ake ja da igiya kuwa, ana tura kunnuwan fatar da suke haɗa igiyoyin ne bi da bi ta ɓangarori masu fuskantar juna, a kuma sake su bayan an tashi.

Inda aka ɗaura fatar akuya ko ta saniya, kamar yadda ake yi wa gangunan makarantu da yawa, yanayi ma yana ɗauri da kwancewa. A watan Agusta fata takan sha laima ta saki, sai an shanya ta a rana kafin a taɓa noti, kamar yadda makaɗan gargajiya suke yi tun kaka da kakanni. Da hunturu kuwa takan ja kanta, kuma wadda aka ɗaure tamau da sanyin safiya tana iya tsagewa kafin azahar, shi ya sa ake sassauta ta bayan kowane kiɗa. Fatar roba ba ruwanta da laima, amma zafin bazara da yake haura digiri 40 a watan Afrilu yana sassauta ta, yana ɗaga ledar da aka lulluɓe kango da ita, yana kuma fasa zoben katako idan aka bar gangar a cikin mota ko a sito mai rufin kwano. Ko da an adana ta a inuwa, jijjigar duka tana kwance noti a hankali, musamman na ƙasa da suke kusa da feda waɗanda hannu ba ya saurin kai musu, saboda haka a zagaya su da makulli a ƙwanƙwasa gefen fata kafin kowace fita.